KAYAN GADO: Bindigar Jamus, takardar haihuwarta na jikinta

Wannan shi ne filinmu na Kayan Gado, inda kowane wata muke ɗauko abu guda daga cikin abubuwan da kakanni suka bari, mu kakkaɓe masa ƙura, mu ji abin da zai gaya mana. A wannan karo bindiga za mu ɗauko, wato irin tsofaffin bindigogin soja da ake ce wa bindigar Jamus, waɗanda har yau akan ga ɗai-ɗai a fadojin lamidai da gidajen tarihi da ƙuryar tsofaffin gidaje.

A Turai da Amurka akwai mutanen da suke tara irin waɗannan bindigogi kamar yadda wasu ke tara kan sarki ko tsofaffin kuɗi. Yawancinsu harbi bai dame su ba. Abin da ke kai su ga zuba kuɗi shi ne 'yan haruffa da lambobi da hatimai da aka buga a jikin ƙarfen, domin Bajamushe bai ƙera bindigar soja ya sake ta haka nan ba. Sai ya buga mata sunan garin da aka yi ta, da shekara, da irinta, da alamar wanda ya duba ta, wani lokaci har da rundunar da aka ba. Wanda ya iya karatun, a cikin minti biyar zai faɗa maka asalinta.

To mu da kayan ke ƙasarmu, kaɗan ne daga cikinmu suka iya wannan karatu, rashin sani kuwa ya fi dare duhu. Shi ya sa wani zai sayar da gadon gidansu a kuɗin akuya, wani ya sa samfefa ya goge tarihin da hannunsa da niyyar gyara, wani kuma ya yi ta ba jikoki labarin da ƙarfen kansa ya ƙaryata. Saboda haka yau darasin karatu za mu yi.

YADDA SUKA SHIGO KAMARU

A watan Yuli na 1884 ne wakilin Jamus, Gustav Nachtigal, ya kafa tutar ƙasarsa a Duwala bayan yarjejeniya da sarakunan bakin teku. A 1891 Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sanda, cikin mutanen farko da suka ɗauka kuwa har da Hausawa da aka samo daga garuruwan gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Bayan 'yan shekaru suka kafa rundunar soja sosai mai suna Schutztruppe, ma'ana rundunar tsaro, hafsoshinta Turawa, sojojinta baƙar fata. Da ita suka ci Tibati a 1899, suka ci Ngaundare da Garwa a 1901. A farkon 1902 kuma, kusa da Marwa, mahayan Lamido Zubairu na Yola suka yi karo da sojojin Hans Dominik, inda doki da mashi suka kasa tsayawa gaban bindiga mai sakata da bindiga mai ruwa.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Ingila da Faransa suka auka wa Kamaru. Duwala ta faɗi a watan Satumba na 1914, Garwa a watan Yuni na 1915, dutsen Banyo a watan Nuwamba, Yawunde kuma ranar 1 ga Janairu 1916. Yawancin sojojin Jamus suka tsallaka Riyo Muni, ƙasar da ke hannun Sifen a lokacin. Kyaftin Ernst von Raben ne na ƙarshe, ya riƙe dutsen Mora har ranar 18 ga Fabrairu 1916 sannan ya miƙa wuya.

Mai karatu ya riƙe shekarun nan biyu, 1884 da 1916, domin su ne mudun da za mu auna kowace bindiga da shi nan gaba.

Kada kuma mu manta, kakanninmu suna ɓangarori biyu na wannan bindiga. Wasu sun rataya ta, wasu kuwa da ita aka auna su. Akwai ma waɗanda suka yi wa Turawa biyu aiki, kamar Chari Maigumeri, ɗan ƙasar Barno, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi, daga baya ya shiga rundunarsu har ya zama babban sajan manjo, yau ga barikin soja da sunansa a Lakwaja. Sannan tun yarjejeniyar Burasal ta 1890 Turawa suka hana sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani, aka bar su da harba-ka-ruga. Ke nan bindigar soja ba ta shiga gidan talaka ta hanyar kasuwa. Duk gidan da aka same ta akwai dalili: ko tsohon soja, ko kyautar da aka yi wa basarake, ko tsintuwar fagen fama.

IRI HUƊU DA YA KAMATA A SANI

Kafin mu shiga, ga sunayen da za mu yi amfani da su. Dogon ƙarfen da harsashi ke bi shi ne bututu. Ƙarfen da ake ja baya a tura gaba a kulle shi ne sakata, domin aikinsa ɗaya da na sakatar ƙofa. Inda sakatar ke kai da komowa shi ne gidan sakata. Katakon kuwa ƙota.

Ta farko ita ce ta 1871, aikin 'yan'uwa biyu, Paul da Wilhelm Mauser, 'ya'yan wani maƙerin bindiga a garin Oberndorf da ke bakin kogin Neckar a kudancin Jamus. Harsashi ɗaya take ɗauka, mai kaurin milimita 11, kansa na darma, cikinsa baƙin albarushi mai tayar da farin hayaƙi, wanda kan tona asirin maharbi tun daga nesa. Gindin bututunta yana da kusurwa takwas. Ta kasu uku. Doguwar ta sojan ƙasa an rubuta mata I.G. Mod. 71 a gefen hagu na gidan sakata. Matsakaiciyar an rubuta mata B. Mod. 71, ita ce Jamusawa ke kira Jägerbüchse, kuma ita ce aka fi ba sojoji baƙar fata a ƙasashen da Jamus ta mallaka a Afirka. Gajerar ta mahaya dawaki kuwa K. Mod. 71 ce. A 1884 aka yi mata gyara, aka sa wani bututu a ƙarƙashi mai ɗaukar harsashi takwas, aka rubuta 71/84.

Ta biyu ita ce ta 1888. Faransa ta fito da bindigar Lebel mai albarushi marar hayaƙi a 1886, hankalin Jamus ya tashi, sai aka kafa kwamiti ya haɗa sabuwar bindiga cikin gaggawa. Mauser ba shi da hannu a cikinta, ko da yake mutane da yawa suna kiranta da sunansa. Ana gane ta da wata siririyar rigar ƙarfe da ta lulluɓe bututun, har ya zama kamar ya fi na sauran kauri. Harsashi biyar take ɗauka mai kaurin milimita 7.9, an kuma rubuta mata Gew. 88.

Ta uku ita ce ta 1898, wadda ta ɗaukaka sunan Paul Mauser a duniya, har yau maƙeran bindigar farauta suna kwaikwayon sakatarta. Tsawonta mita ɗaya da santimita 25, tana ɗaukar harsashi biyar a cikinta, rubutunta Gew. 98. A 1908 aka fito da ƙanwarta gajera mai rubutun Kar. 98, wadda ake ganewa da wani ɗan ƙugiya a ƙarƙashin bakinta na jingina bindigogi da juna. Kafin yaƙin 1914 an fara karɓe tsofaffin bindigogin 1871 daga hannun sojojin Kamaru ana ba su ta 98, amma da yaƙi ya zo aka ɗebi sababbin sojoji, sai aka koma rumbu aka fito da tsofaffin.

Ta huɗu ita ce K98k ta 1935, bindigar sojojin Hitila, wadda aka ƙera fiye da miliyan 14. A gefenta an rubuta Mod. 98 kawai. Za mu dawo kanta, domin a nan aka fi cutar mutane.

INDA ZA A DUBA

A sami wuri mai haske, a shafa ɗan man keke a tsumma mai laushi a goge ƙura, sannan a fara daga saman gindin bututu ko saman gidan sakata. A nan sunan maƙera yake. Gwamnatin Jamus tana da manyan ma'aikatun makamai huɗu: SPANDAU a gefen Barlin, ERFURT, DANZIG wadda yau take cikin ƙasar Polan da sunan Gdansk, da AMBERG ta masarautar Bavariya. Ban da su akwai kamfanoni, irin su Mauser na Oberndorf, da Loewe na Barlin, da Steyr na ƙasar Ostiriya. A bindigogin 88 da 98 shekarar ƙira tana nan ƙarƙashin sunan. A ta 1871 kuwa sai an leƙa gefen dama na gidan sakata, inda akan ga shekaru biyu, ta ƙira da ta ranar da aka miƙa wa runduna.

Na biyu, a nemi kambin sarauta. A wancan zamani Jamus tarayyar masarautu ce, kowace da sarkinta a ƙarƙashin Kaisa. Idan aka ga kambi da haruffan FW a ƙarƙashinsa a jikin ta 1871, tambarin gidan sarautar Furusiya ne. Idan harafin L ne, na Sarki Ludwig na Bavariya ne, kuma galibi za a ga AMBERG kusa da shi. Kusa da nan akwai wasu 'yan lambobi kamar 10,95 ko 7,91. Wannan faɗin ramin bututun ne da aka auna a milimita, don haka kada a ɗauke shi shekara ko farashi.

Na uku, lambar bindigar. Jamusawa kan ƙirga daga 1 zuwa 9999, sannan su sake farawa su ƙara ƙaramin harafin a, in ta cika su koma b, haka haka. Galibi kowace ma'aikata kan sake sabon lissafi a sabuwar shekara. Ke nan bindigogi da yawa suna iya yin tarayya a lamba ɗaya, kamar yadda Musa ya yi yawa a gari. Cikakken sunan bindiga shi ne ma'aikata da shekara da lamba da harafi, duka huɗun.

A nan ne masu tarawa suka fi sa ido. A wancan lokaci da hannu ake daidaita sassan kowace bindiga, don haka ake buga lambarta a bututu da gidan sakata da sakata da ƙota, ƙananan sassa kuma a buga musu lambobi biyu na ƙarshe, har kan kusoshi. Idan lambar 4827 ce, za a ga 27 a warwatse ko'ina. Bindigar da duk lambobinta suka dace, tana nan yadda ta fito daga ma'aikata, kuma darajarta ta ninka ta wadda aka harhaɗa. Wadda sakatarta ke da wata lamba dabam, an yi mata aure ne a hanya.

Na huɗu, za a ga wasu ƙananan kambuna birjik, kowane da harafi guda a ƙarƙashinsa cikin tsohon rubutun Jamus mai lanƙwashe-lanƙwashe. Waɗannan sa hannun sufetoci ne, kowa da harafinsa, domin in aka sami aibi a san wanda za a tuhuma. Idan aka ga kambi da RC, ma'anarsa wannan sashe ya ɗan kauce wa awo, aka kai shi gaban kwamitin bita, kwamitin ya ce a bar shi ya wuce. Idan kuma aka ga babban harafin S a saman ta 1888, an gyara ta ne don ta karɓi sabon harsashi mai tsini da ya shigo a farkon ƙarni na 20.

Na biyar shi ne wanda ya fi shafarmu, wato alamar runduna. A ta 1871 tana kan ƙarfen gindin ƙota. A ta 1888 tana kan zoben da ya ɗaure bututu da katako. A ta 1898 akan same ta a wani ɗan faifan ƙarfe a gefen ƙota. Misali, idan aka ga 12.R.3.45, ana nufin rajimanti ta 12, kamfani na 3, bindiga ta 45. In an sauya wa bindiga runduna sai a soke tsohuwar alamar a buga sabuwa kusa da ita, ta haka mutum zai bi sawun yawonta. Rundunonin Afirka suna da nasu. K.S. an fi ganinta a makaman Afirka ta Kudu maso Yamma, wato Namibiya ta yau. Sch.D.O.A. ta Afirka ta Gabas ce, wato yankin Tanzaniya. Ta Kamaru kuwa S.K. ko Sch.K. A duba har jikin banati, wato wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, domin sau da yawa alamar ta fi fitowa a can. Makamai masu waɗannan alamomi kaɗan ne suka rage a duniya, domin rundunonin ƙanana ne, zafi da damina da gara kuma sun ci rabonsu. Wanda yake da irinta, ya san abin da yake riƙe da shi.

Akwai kuma bindigogin da ke da shekara biyu a sama, misali 1916 sannan 1920. Bayan Jamus ta sha kashi, yarjejeniyar Basai ta 1919 ta ƙayyade mata soja 100,000. A 1920 gwamnati ta shiga karɓe makamai daga hannun jama'a, ta buga 1920 a kan nata don a bambanta. Bindiga mai wannan alama tana Jamus a 1920, ke nan ba ta yi zaman Kamaru a zamanin Jamus ta tsaya ba.

HARUFFAN ƁOYE NA ZAMANIN HITILA

Da Hitila ya hau mulki a 1933 ya shiga ƙera makamai fiye da abin da yarjejeniya ta yarda, sai aka daina rubuta sunan ma'aikata, aka koma lambobin sirri. Ma'aikatar Mauser ta Oberndorf ta zama S/42, daga baya 42, daga 1941 ta zama byf, a 1945 kuma svw. Har shekara aka ɓoye da farko: harafin K na nufin 1934, G na nufin 1935. Kamfanin Sauer na garin Suhl ya fara da S/147 ya ƙare da ce. Reshen Mauser na Barlin shi ne 243, daga baya ar. Steyr ta Ostiriya 660 ce sannan bnz. Haruffan dot kuwa na ma'aikatar Brno ne a ƙasar Cek, wadda Jamus ta mamaye ta sa ta yi mata aiki.

Kambin sarauta ya tafi tare da Kaisa a 1918. A madadinsa za a ga 'yar gaggafa da lamba a ƙarƙashinta, wani lokaci da haruffan WaA, wato ofishin makamai na soja. Lambar ta tawagar sufetoci ce: 63 da 655 da 135 duk sun yi aiki a Oberndorf a lokuta dabam-dabam. Masu tarawa kan gwada lambar sufeto da lambar ma'aikata da shekara, in ba su jitu ba, akwai lauje cikin naɗi. Wasu gaggafun suna riƙe da tambarin jam'iyyar Nazi. Tambari ne na mulkin da ya hallaka miliyoyin bayin Allah, yana kuma ƙin baƙar fata ƙiyayya ta fili, wasu daga cikin bindigogin ma fursunoni aka tilasta wa ƙera sassansu. A karanta shi a matsayin shaida, kada yaro ya ɗauke shi abin ado.

Yanzu a ɗauko mudun nan namu. Jamus ta bar Kamaru a 1916, K98k kuwa sai 1935 ta fito. Duk wanda ya nuna maka bindiga mai Mod. 98 da byf ya ce da ita kakansa ya yi yaƙin Garwa, fiye da shekara 20 ne tsakanin labarinsa da gaskiya. Haka ma Gew. 98 mai shekarar 1917 ko 1918. Ko mai 1915 ma abar tuhuma ce, domin tun da Duwala ta faɗi a 1914 hanyar teku ta toshe wa Jamusawan Kamaru, har ta kai su ga ɗura harsashi da hannu a cikin ƙasa.

Irin waɗannan bindigogi sun shigo Afirka ne daga baya, domin bayan 1945 sun watsu a duniya, kowace ƙasa kuma ta ƙara musu tata alama. Rasha ta kwashe masu ɗimbin yawa, ta wargaza su ta sake harhaɗawa, ta buga wata alama mai kama da X a gidan sakata, ta rubuta sababbin lambobi da alƙalamin lantarki. Isra'ila ta sauya musu bututu ta buga 7.62 da manyan lambobi. Nowe ta buga HÆR, wato soja da harshensu. Faransa ma da ta mamaye Oberndorf a 1945 ta sa ma'aikatar ta ci gaba da yi mata aiki har cikin 1946, waɗannan su ne masu alamar svwMB.

BA KOWACE TSOHUWA CE TA JAMUS BA

Mu a nan duk tsohon abu mai ƙarko mukan ce na Jamus ne, ko gada ko gini ko bindiga. Amma Faransa ta yi shekara 44 a nan bayan Jamus, Ingila ma ta riƙe yammacin ƙasar har 1961. Bindigar Faransa mai suna Gras ta 1874 ta yi kama da Mauser ta 1871 ƙwarai: ita ma harsashi ɗaya, ita ma milimita 11, ita ma sakata. Bambancin yana gefen hagu, inda za a ga rubutun Faransanci mai kama da na hannu da sunan St Étienne ko Châtellerault ko Tulle. Waɗanda suka yi lakwal ba za su sha wahala a nan ba.

Sunan Mauser kansa ba hujja ba ne cewa sojan Jamus ya riƙe ta, domin an sayar wa ƙasashe da yawa, irin su Turkiyya da Sifen da Suwidin da ƙasashen Kudancin Amurka, kowace da tambarinta a saman gidan sakata. Akwai kuma na farauta da 'yan kasuwa da ma'aikata Turawa suka zo da su. Waɗannan ba su da alamar runduna, sai kambi a kan haruffan B da U da G, alamun gwajin da dokar Jamus ta 1891 ta wajabta wa bindigogin kasuwa.

Tun da alamun nan ke ƙara kuɗi, 'yan damfara ma sun koyi buga su. Hatimin gaskiya ya tsufa tare da ƙarfen, launin cikinsa ɗaya da na kewayensa, bakinsa ya lallashe. Na jabu yana da kaifi, cikinsa na ƙyalli, haruffansa sukan bambanta da sauran a girma ko a fasali. Inda aka ga ƙarfe ya ɗan lotsa a kewayen lamba, an kankare tsohuwa ne aka buga sabuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma sai ga wanda ya duba.

SHAWARA GA MAI IRINTA A GIDA

Da farko, kada a goge. Samfefa da toka da yashi da burushin ƙarfe su ne manyan maƙiyan wannan kaya. Hatimin sufeto bai fi ƙwayar gero ba, shafa biyu ta isa ta tafi da shi har abada. Kada a yi wa ƙota fenti ko a kankare ta, domin ita ma akwai hatimai a jikinta. Ɗan mai da tsumma sun wadatar, sannan a ajiye ta inda babu laima.

Na biyu, kada a harba, ko da a bikin salla. Ƙarfen da ya haura shekara 100 yana iya tsagewa a fuskar mutum. Ta 1871 don baƙin albarushi aka yi ta, na zamani ya fi ƙarfinta. Ta 1888 kuma asalin harsashinta ya fi na baya siranta kaɗan, ko da yake a ido kamar ɗaya suke. Kuma duk bindigar da aka tarar a ɗaki a ɗauka akwai harsashi a cikinta, a kawar da yara, kada a juya bakinta wajen kowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na uku, hukuma. Doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ita ce ta tsara sha'anin makamai a Kamaru, ta kasa su aji-aji, kuma riƙe bindiga ba da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. Tsufan bindiga ko kasancewarta gado ba ya wanke mai ita, balle a wannan lokaci da ƙasa ke fama da rashin tsaro a wasu sassa. Hukuma ce ke da ikon faɗin ajin da ta faɗa. Kada kowa ya naɗe ta a tabarma ya hau mota da ita wai zai kai a duba. A fara sanar da mai unguwa ko Sarkin Hausawa, shi ya yi jagora zuwa wurin sufurfe ko jandarma, a bi abin da suka ce. Mai sayar wa baƙon da ya zo da dare kuwa ya yi asara biyu: an saye shi da arha, ya kuma sa wuyansa cikin igiya. Idan riƙon ya gagara, gara a nemi a miƙa ta fada ko gidan tarihi da sunan gidan da ta fito, inda jikoki za su je su gani.

Na ƙarshe, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi muhimmanci, a rubuta. A ɗauki takarda a kwafe duk abin da ke jikinta harafi da harafi, a ɗauki hoto. Sannan a zauna da dattijon da ya fi kowa tsufa a gidan a tambaye shi: wa ya kawo ta, daga ina, a zamanin wane lamido? A rubuta amsarsa a bayan takardar. Ƙarfen zai faɗi rabin labari, daga Spandau ko Amberg zuwa Duwala. Sauran rabin, daga Duwala zuwa ɗakin kaka, yana bakin tsofaffinmu ne kawai, babu wani littafi a Jamus da ya san shi, su kuwa tsofaffin kullum raguwa suke yi.

Duk wanda ya kwafi rubutun da ya gani a wata fada ko gidan tarihi bai gane ba, ya aiko wa wannan fili, mu warware tare, domin matambayi ba ya ɓata. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.